Ruwan da Na Zuba wa Kalin

Litinin, 11 ga Fabrairu, bayan abincin rana

Yau wata biyu cif. Na sayi littafin rubutun nan ne don in riƙa kwafe maganganun da suka burge ni a 'yan littattafan soyayya, ga shi abin da zan fara rubutawa a ciki nawa ne.

Ranar sha ɗaya ga Disamba mijina Kalin ya tashi da sassafe zai kama motar Burgas. Wani otal a Sozopol, bakin teku, yana neman mai dafa abinci, suka kira shi gwaji. Shekara biyu muna maganar tekun nan a ɗakinmu da ke saman gidan abincin mahaifiyarsa, Mama Tinka, da murya ƙasa-ƙasa don kada ta jiyo. Ni har labulen tagarmu na can na zaɓa a raina, shuɗi mai haske.

Yana sa takalmi Mama ta leƙo daga kicin ta ce, "Amarya, zuba masa ruwa, hannuna duk kwaɓin fulawa ne." Shekara uku da aure, har yau amarya take ce min.

Kowa a garinmu Troyan ya san yadda ake yi. Mai fita neman wani abu ana zuba masa ruwa a gabansa a bakin ƙofa, don al'amarinsa ya gudana kamar ruwan. Kowa kuma ya san cewa da sanyi ɗan cokali ake ɗigawa a gefe, don nan da nan ruwa yake daskarewa ya zama ƙanƙara. Ni na ɗauko butar tagulla, na cika ta taf, na tsinko ganyen zdravets, tsiron fatan lafiya, daga tukunyar taga na jefa a ciki, na tsaya a ƙofar gaba na watsa duka a kan matakalar dutsen nan uku, kamar yadda matan cikin littattafai suke yi idan masoyi zai tafi yaƙi. Kalin ya yi dariya ya tsallake, ya ce, "Rumi, gwaji zan je, ba jirgin ruwa zan tuƙa ba."

Ga bokitin gishirin narkar da ƙanƙara nan a bayan ƙofa. Na gan shi. Sai na haye sama da gudu don in hango motarsa tana tsallake gada, na tsaya a taga ina shirya yadda zan tarbe shi.

Ba ihu na ji ba. Wata ƙara ce kamar an yar da buhun gari.

Malama Raina ce, tsohuwar malamar adabi, mai shekara saba'in da huɗu. Kullum ƙarfe takwas take zuwa shan kofi da banitsa, gashin fulawar nan mai cuku a ciki, kuma ita ke ara min littattafai. Ranar ma da littafi ta zo min, na tsince shi a matakala ta biyu. Ita kuwa ta sulale har gefen titi, ƙafarta ɗaya a juye. Kafin motar asibiti ta iso Mama ta riga ta juye tokar murhu a kan matakalar, ta rufe ƙanƙarar.

Kalin ya ci gwajin.

Laraba, 13 ga Fabrairu, da safe

Har yanzu ta ƙofar kicin nake shiga da fita. Ba wanda ya tambaye ni dalili.

Juma'a, 15 ga Fabrairu, da la'asar

Lauya Minchev, lauyan Mama, ya zo. Tun da sammacin kotu ya iso makon jiya kullum yana nan da lokacin abinci, Mama tana cika masa kwano da wake da tsiran nama. Luben, ɗan Malama Raina da ke aiki a Jamus, shi ya shigar da ƙara da sunan mahaifiyarsa. Diyyar da suke nema ko an sayar da tebura da murhu ba za ta biya ba, sai dai a sayar da ginin. Inshora kuwa Mama ba ta taɓa yi ba, ta ce ita Allah ne inshorarta.

Lauya ya goge baki ya zana layi da yatsa a kan mayafin tebur.

"Nan matakalarku ce, nan gefen titi. Idan a nan ta zame, ku ne. Idan a nan ne, ƙaramar hukuma ce, ita kuwa ta saba, fatarta ta yi kauri. Masu motar asibiti a ina suka same ta? A gefen titi. Magana ta ƙare."

Ya ce wata guda kotu ta ba mu mu mayar da amsa da sunayen shaidu, ranar Laraba shida ga Maris zai kai. Akwai tsofaffi biyu masu shan kofi da suka yarda za su ce matakala a bushe take, alhali ranar ba su ma iso ba tukuna. Amma ni yake so, don ni na fara fitowa. Ya miƙo min takarda mai layi shida. Ta ce matakala a bushe take, an zuba gishiri tun ƙarfe bakwai, kuma ban ga ruwa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, idan alƙali ya tambaye ni ido da ido fa?"

"Yarinya, kotu ba coci ba ce, ba a zuwa furta zunubi. Ki sa riga mai duhu, ki ce abin da ke takarda, ki koma gida ki karanta soyayyarki."

Mama ta yi dariya. Kalin bai yi ba, yana ta goge kofin da ya riga ya bushe.

Na ce zan karanta tukuna. Lauya ya ce, "Layi shida ne fa, ba littafi ba."

Lahadi, 17 ga Fabrairu, da rana

Ban karanta komai ba tun Disamba. Littafin da Malama ta kawo min yana ƙarƙashin rigunan sanyi, bangonsa ya kumbura da ruwa. Ni da kullum shafin ƙarshe nake fara buɗewa don in tabbatar sun yi aure, sannan hankalina ya kwanta in koma farko. Malama ta sha yi min faɗa a kan haka. "Rumyana, wannan cin amanar marubuci ne." Wannan ko bangonsa na kasa ɗagawa.

An yi dusar ƙanƙara kuma. Mama tana zuba gishiri sau uku a rana yanzu, har dutsen ya yi fari.

Talata, 19 ga Fabrairu, bayan an tashi daga abincin rana

Takardar otal ta zo. Kalin zai fara ranar sha biyar ga Afrilu, kuma za su ba mu ɗaki da ɗan kicin. Ya shigo sama da ita a hannu yana murmushin da rabona da gani tun kaka.

"Rumi, an ce daga baranda ana hango jiragen masunta. Ke ma akwai aiki a wurin karɓar baƙi idan kina so."

Na ce madalla. Na so in rungume shi, hannuwana suka ƙi.

Ya zauna a bakin gado ya ce, "Kin sa hannu?"

"Ban sa ba tukuna."

"Ba ƙarya ba ce sosai. A gefen titi aka same ta."

"Kalin, kai ka tsallake ruwan."

Ya ninke takardar otal ɗin. Sannan ya ce, "Babana da hannunsa ya ɗora dutsen nan. Idan ginin nan ya tafi, Mama ta koma ina? Kina ganin zan bar ta a titi in tafi kallon jiragen masunta? Idan gidan abinci ya tsira, mun tafi. Idan bai tsira ba, ba inda za mu, har abada. Ba barazana nake miki ba, yadda abin yake ke nan."

Na san ba barazana ba ce. Da barazana ce da ta fi min sauƙi. A littattafai akwai mugu, ana gane shi tun shafi na uku, ko ta gashin baki ko ta zoben hannu. Mijina ba mugu ba ne. Ya sumbaci goshina ya sauka yanka albasa.

Alhamis, 21 ga Fabrairu, da hantsi

Layi shida. Na haddace su ba da niyya ba. Ina wanke kofuna ina jin su a kaina.

Asabar, 23 ga Fabrairu, da yamma

Na je kantin magani saya wa Mama na hawan jini, sai ga Luben a gabana a layi. Ya zo na kwana biyar. Na gane shi ta goshin uwarsa. Yana riƙe da ƙunshin kunzugun manya guda biyu, yana ɓoye su da jikinsa.

Ya juyo ya gan ni. Na yi tsammanin zagi.

"Ke ce matar Kalin? Mai littattafai? Mahaifiyata tana maganarki."

Na ce yaya jikinta.

"Yaya jikinta." Ya maimaita kamar yana ɗanɗana maganar. "An sa mata ƙarfe a ƙugu, bai kama da kyau ba. Hawa na huɗu take, ba lif. Tun da aka haura da ita a kujera ba ta sauko ba. Matar da ke kula da ita za ta daina ƙarshen Maris, ni kuma aikin sito nake yi a can, ba banki gare ni ba. Idan shari'ar nan ta yi kyau in sama mata gida a ƙasa da mai jinya. Idan ba ta yi ba, gidan tsofaffi na Lovech. Na riga na cika takardun."

Mai kantin ta ce, "Na gaba."

Ya ce, "Ki gai da surukarki. Ki ce mata ajinmu ɗaya da ɗanta, mahaifiyata ce ta koya mana rubutu mu duka."

Ban isar da gaisuwar ba.

Talata, 26 ga Fabrairu, da safe kafin a buɗe

Muna naɗe ganyen kabeji da nama ni da Mama. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni na ce ki zuba."

Wannan ne karo na farko da wani ya ambaci ruwan a gidan nan ban da ni.

"Ni na ce ki zuba, amma ban ce ki yi mana kogi ba. Wace mace mai hankali ke juye buta a Disamba? Uwarki ba ta koya miki ba? Kanki na can cikin littattafai, wani sarki na sumbatar wata baiwa." Ta ɗaure wani ƙunshin da ƙarfi har ya fashe. "Kina tsammani ba na jin ta a raina? Shekara talatin Raina tana zama a teburin can. Ranar da aka binne mijina ita ta riƙe min hannu. Na kunna mata kyandir a coci sau huɗu."

"Mama, kyandir ba ya sauko da mutum daga hawa na huɗu."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ta dube ni kamar kujera ce ta yi magana.

"To sannu, mai gaskiya. Ke da kika shigo gidan nan da akwati ɗaya, rabinsa littattafai. Ni na yi shekara talatin da biyar a gaban murhun nan, dubi jijiyoyin ƙafata. Ki sa hannu, amarya, ki tafi tekunki. Ni zan zauna da zunubin, na saba ɗaukar kaya."

Daga nan ta tura min kwanon nama ta ce in rage shinkafa, ina cikawa da yawa kamar yadda nake komai.

Laraba, 27 ga Fabrairu, da rana

Na ɗauki biro. Na ajiye.

Juma'a, 1 ga Maris, da la'asar

Yau kowa na ɗaura wa kowa zaren martenitsa, ja da fari, ana yi wa juna fatan lafiya. Kowace shekara ni ke ɗaura wa Malama a teburinta. Na ce wa Mama zan je gidan waya.

Matakala sittin da huɗu. Na ƙirga su. Mai jinyar ce ta buɗe min.

Malama tana kan gado kusa da taga, ta rage kamar an wanke ta ta motse. Amma idanun suna nan yadda suke.

"A'a, ga mai karanta ƙarshe. Shigo, kada ki tsaya a ƙofa kamar wadda ba ta yi aikin gida ba."

Na ɗaura mata zaren a hannu. Sai da na zagaya sau biyu, hannun ya zama siriri. Ta ce, "Sai mutum ya ga shamuwa ko itace ya yi fure sannan ya kwance ya rataya a reshe. Daga nan rufin kwano kawai nake gani. Da alama da nawa za a binne ni."

Na ce kada ta faɗi haka. Ta ce ita malamar adabi ce, an yarda ta yi ƙari.

Ta tambaye ni littafin. Na ce ban fara ba.

"Ko ƙarshen?"

"Ko ƙarshen."

"To lallai ba ki da lafiya."

Mai jinya ta kawo shayi ta koma kicin. Malama tana juya zaren da yatsa ta ce, "Ya ci gwajin?"

Na ajiye kofin.

"Ina kwance a ƙasa, kumatuna a kan ƙanƙara, sai na hango ganyen zdravets a kan matakala, kore shar, ya daskare a ciki kamar an sa shi a gilashi. Na ce a raina, oho, wani ya yi tafiya. Kin san abin da mutum ke tunani a irin wannan lokacin abin mamaki ne. Daga baya na ji Kalin ne."

"Ya ci, Malama."

"To ruwan ya yi aiki. Gara da wani ya amfana."

Na ce, "Kin gaya wa lauyanku?"

"Na gaya wa lauyarmu, mace ce, Dimova, ofishinta na saman gidan burodi. Ta ce tsohuwar da ta bugu a ka ta ga ganye, ga mutanen gidan abinci za su rantse dutse a bushe yake. Ta ce kada ma in ambata, za a ce na ruɗe." Ta kurɓi shayi. "Wataƙila na ruɗe ɗin."

Na jira ta roƙe ni. Na jira ta zage ni. Na zo da hawayena a shirye, a littafi nan ne zan durƙusa ta dafa kaina. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta nuna min kantar littattafanta ta ce a Lovech akwati ɗaya ake yarda mutum ya kai, in zo kafin ƙarshen wata in kwashi na soyayyar, Luben zai zubar ne kawai.

"Ki kai su bakin teku. Iskar can tana lalata takarda, ki riƙa rufe taga."

Da zan fita ta ce, "Rumyana, riƙe ƙarfen bene, mai share mana yana barin ruwa."

Asabar, 2 ga Maris, bayan abincin rana

Na gaya wa Kalin inda na je. Muna ɗakin ajiya, yana jera kwalaben barkono.

"Me ta ce?"

"Ta tambaya ko ka ci gwajin."

Ya ajiye kwalbar a hankali. Kunnuwansa suka yi ja, kamar yadda suke yi idan zai yi kuka ya hana kansa.

"Ita ta sa ni na maimaita aji shida, kin sani? Ta ce ina da kai amma na bar shi a kicin." Ya yi 'yar dariya. Sannan ya ce, "Rumi, kada ki yi min haka. Na roƙe ki. Idan kika yi, Mama ba za ta sake kallonki ba, ni kuma ina tsakiya. Ban san ko zan iya ba. Gaskiya nake gaya miki, ban sani ba."

Na ce na gode da ya faɗa.

"Saboda ni kika zuba ruwan."

"E."

Na taya shi jera kwalaben har suka ƙare.

Lahadi, 3 ga Maris, da safe

Ana ta kiɗan biki a dandali. Na leƙa ta taga, a kan gadar da motar Kalin ta tsallake dai babu komai.

Litinin, 4 ga Maris, da rana

Na buɗe littafin daga shafi na farko. Shafukan sun manne, sai da na sa wuƙar man shanu na raba su. A gefen shafi na tara Malama ta rubuta da fensir, "Daga nan za ki fara, ba daga baya ba. Ina kallonki." Tun Disamba rubutun yake nan yana jirana.

Na karanta shafi arba'in. Ban san yadda zai ƙare ba.

Lauya Minchev ya aiko a tuna min jibi. Mama ta guga min rigata mai duhu ta rataye a ƙofar ɗakinmu, ko da yake ba jibi ne zaman kotu ba. Har sabon maɓalli ta ɗinka mata.

Talata, 5 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Na nemi wata hanya ta uku tun Juma'a, babu. Ko dai Malama ta tafi Lovech da akwati ɗaya, ko Mama ta rasa gininta, Kalin ya rasa tekunsa, ni in rasa su biyun. Ba wanda zai gode min. Luben ma ba zai gode ba, zai ce ina nake wata uku. Ba na jin ƙarfin zuciya irin na matan littattafai.

Na haɗa akwatina na tura ƙarƙashin gado, ko da za a ce in tafi gidanmu. Ya fi yadda na zo da shi sauƙi, na bar littattafan.

Ɗazu na fita ta ƙofar gaba, karo na farko. Na sauka matakala uku, na tsaya a gefen titi, na sake hawa. Mama tana kallona ta gilashi.

Takardar mai layi shida tana kan teburin Kalin, ba sa hannu. Gobe ba wanda zai zuba min ruwa a ƙofa.

Ƙarfe tara na safe zan hau saman gidan burodi, in gaya wa Lauya Dimova cewa ni na zuba ruwan, buta cike, kuma ban zuba gishiri ba.